Daƙiƙa Ya Shiga Ƙarƙashin Mota

A layinmu akwai wani mai gyaran agogo da ake kira Daƙiƙa. Bakinsa ne ya jawo masa sunan, domin duk aikin da aka ambata a gabansa, ko ginin bene ne ko tiyatar ido, sai ya taɓe baki ya ce ai wannan aikin daƙiƙa ne. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne: teburi mai gilashi, fitila mai lanƙwasasshen wuya, da agogunan bango a rataye, kowanne yana faɗin lokacin da ya ga dama. Wanda ya kai masa agogo mai gudu, zai karɓo shi yana rarrafe. Wanda ya kai mai rarrafe, zai karɓo shi a mace, tare da dogon bayanin cewa kamfanin ne bai iya aiki ba. Da wayar hannu ta sa mutane suka rage ɗaura agogo, sai ya samu lokaci mai yawa, ya kwashe shi duka ya zuba a bencin mai aski.

Yayarsa tana zaune a gidan da ke can saman layin, daidai inda hanya ta fara gangarawa. Kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta, saboda ba a yi mata musu. Mijinta ya rasu ya bar ta da ƙaramar 'yarsu, Auta, da wata tsohuwar mota doguwa, irin ta da, mai ƙarfe mai ƙyalli gaba da baya, kujerunta kamar na falo. Mota ce mai canza giya da kanta. Marigayin ya kula da ita fiye da yadda ya kula da lafiyarsa. Tun Auta tana shiga makarantar koyon aikin jinya ya yi mata alkawarin cewa ranar da za a yaye su, a cikin motar nan za ta je. Bai ga ranar ba. Yaya ta ɗauki alkawarin ta ɗora wa kanta.

Sai dai motar ta daina tafiya. Bakaniken da garejinsa ke can ƙasan gangaren, wani ƙaton mutum da ake kira Baƙin Mai, ya zo ya ɗaga ta a kan tubala a tsakar gida, ya sauke giyabos, wato akwatin giya, ya ce konbata ce ta mutu. Konbata wani dunƙulallen ƙarfe ne mai nauyi, kamar an kife kwano a kan kwano, wanda ke zama tsakanin inji da giya yana miƙa ƙarfin wannan ga wancan. Aka nemo wata da ƙyar daga nesa. Tana isowa, Baƙin Mai ya shiga gobe. In Yaya ta aika, ya ce gobe. In ta taka da kanta, ya ce jibi da sassafe, har da rantsuwa. Ranar yaye tana ta matsowa, mota tana kan tubala, konbata tana cikin kwalinta a bayan ƙofa.

Ana cikin haka Daƙiƙa ya zo gaishe da Yaya, ya tarar tana faɗa ita kaɗai. Ya buɗe kwalin ya leƙa, ya leƙa ƙarƙashin motar, sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi da yake harhaɗa haƙoran da ido ba ya gani sai da gilashi, wannan abu da ko makaho zai lalubo shi ne ake yi wa gobe da jibi? Ya ce giyabos ba komai ba ne illa agogon da ya ci ya ƙoshi.

Auta ta ce, “Kawu, da dai an jira bakaniken.”

“Ki jira shi ke, 'yata. Ni motar babanki zan tayar.”

Da Yaya tana cikin hayyacinta da ba ta yarda ba, don ta san ƙaninta tun yana kwance kayan gidansu ya kasa mayarwa. Amma haushin Baƙin Mai ya rufe mata ido. Ta ce ya yi, amma ya sani motar nan ita ce abin da ya rage na mutumin da ya riƙe shi kamar ɗa. Daƙiƙa ya dafa ƙirji ya ce ta sa a ranta an gama.

Bai tafi gida ba, bencin mai aski ya wuce ya yi shela. Ya gaya wa duk wanda ke wurin cewa bakanike mutum ne da ya so koyon gyaran agogo yatsunsa suka yi masa kauri. Kafin rana ta faɗi maganar ta gangara gareji. Ta shiga kunnen Baƙin Mai. Washegari dai aka gan shi, shi da bai taɓa samun sukunin hawowa ba, ya hawo gangaren da kujerarsa a kafaɗa, ya dasa ta a inuwar da ke fuskantar ƙofar gidan Yaya, ya zauna ya harɗe ƙafa. Aka tambaye shi ko lafiya, ya ce karatu ya zo ɗauka.

Daƙiƙa ya iso da farar riga kamar likita. Ya sa aka buɗe ƙofar gidan duka biyu don kada wani ya rasa gani. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, ya jera ƙananan sukundirebobinsa da hantsakinsa da ɗan burushinsa, a gefe kuma manyan sifanun marigayi waɗanda bai ma san girmansu ba. Mai aski ya rufe shago ya zo. Tela ya zo da tef ɗinsa a wuya. Matan layi suka jeru a jikin katanga. Daƙiƙa ya ɗora konbatar a kan ƙyallen, ya maƙala gilashin duba agogo a ido, ya sunkuya yana nazarin abin da ya fi kansa girma. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗaga ta da nishi ya girgiza, ya ji wani abu yana motsi a ciki, ya sanar da jama'a cewa an sayar wa Yaya mai lalataccen ciki, amma kada kowa ya damu, zai tsaga ta ya ɗaure abin da ya kwance. Har ya aika a aro masa zarto. Auta ce ta zo ta tsaya a kansa ta ce in ya sa wa abin nan zarto, ita da kanta za ta kira mamanta. Ya fasa, ya ce dama gwada ta yake yi ya ga ko tana lura.

Daga inuwa Baƙin Mai ya yi hamma ya ce wa tela, ba wa Daƙiƙa ba, shi dai a iya jahilcinsa ya san ana zuba wa konbata mai kafin a ɗaura ta.

Daƙiƙa ya ce ai ya sani, yanzu ma zai yi. Ya ɗauko allurar da yake ɗiga wa agogo mai, ya tsoma bakinta a cikin galan ɗin man giya, ya ɗiga ɗigo biyu a wuyan konbatar, ya ce gwani da ɗan kaɗan yake aiki, jahili ne ke ambaliya. Baƙin Mai ya yi dariyar da sai da kujerarsa ta yi ƙara. Mai aski ya taya shi, tela ya taya mai aski. Daƙiƙa ya ji zafin dariyar, ya fizgi galan ɗin ya kafa a wuyan konbatar ya dinga tuttulawa har ta cika ta tumbatsa. Ya rungume ta a ƙirji, ya miƙe, ya juya ta a tsaye don ya saka. Man giya ja ne wur. Ya kwararo masa tun daga ƙirji har cikin takalmi.

A daidai lokacin matarsa ta shigo da abincinsa a hannu. Ta ga mijinta tsaye kusa da mota jina-jina, ta saki kwanukan ta ƙwalla ƙara cewa mota ta faɗo masa. Mutanen da ba su zo kallo ba ma suka fito a guje. Wata tsohuwa ta fara salati, wani ya tafi neman abin hawa zuwa asibiti. Auta, da yake aikinta ne, ta matso ta lakato jan abin ta shinshina, ta ce wa matar kawunta ta kwantar da hankalinta, wannan jinin na galan ne. Matar ta tsaya tana kallonsa daga sama har ƙasa. Ta ce to Allah ya sawwaƙe, amma rigar nan shi zai wanke ta, kuma abincin ga shi nan a ƙasa in ya ji yunwa.

Daƙiƙa ya canza riga, ya dawo yana cewa haka manyan injiniyoyi ke wanke cikin sabon kaya. Ya ɗauki konbatar ya zura ta a kan sandar da ta fito daga bakin giyabos. Ta shiga kaɗan, ta yi ƙwas. Ya buɗe hannuwa ya dubi jama'a. Daga nan ya sa tela da mai aski suka taya shi ɗora giyabos ɗin a kan jak, ya ce su karkata shi gaba kaɗan ya wuce ƙarƙashin mota. Suka karkata. Konbatar ta zame ta sauko da dukkan nauyinta a kan babban yatsan ƙafarsa, ta mirgina ta fice ta ƙofa, ta faɗa kwata.

Daƙiƙa bai yi ihu ba, a nan dai a yaba masa. Ya dai tsaya a kan ƙafa ɗaya, idanunsa sun kawo ruwa, ya ce gara da ta faɗi yanzu a san ƙarfinta. Mai aski ya tambaye shi ƙarfin wa aka gwada, nata ko na yatsan. Aka tsamo ta daga kwata da yashi a wuya. Ya zauna ya hure ta da 'yar robar da yake hure ƙurar agogo, fuf, fuf, har rana ta take.

Da aka mayar da ita, aka tura giyabos ɗin ƙarƙashin mota, aka ɗaga shi ya fuskanci bayan inji, sai ya ƙi haɗuwa. Tsakaninsu akwai rata kamar kaurin yatsa. Aka tura, aka jijjiga, aka daki gefensa da itace, ratar tana nan. Daƙiƙa yana kwance a ƙasa, ƙafafunsa kaɗai ake gani, ɗaya da takalmi ɗaya a naɗe da tsumma.

A nan ne Baƙin Mai ya tashi daga kujerarsa, ya tako har bakin ƙofa. Ba don Daƙiƙa ba, don motar, wadda ya sani tun marigayi yana kawo ta. Ya ce konbatar ba ta zauna ba. Ya ce a sauke, a dinga juya ta ana turawa har ta shige ta sake shigewa, sai bakinta ya kama famfon mai da ke ciki, sannan giya zai manne da inji da kansa ba tare da an tilasta shi ba. Ya ce duk wanda ya ja ratar nan da noti, famfon zai fasa.

Murya ta fito daga ƙarƙashin mota: “Da ka san haka duka, me ya hana ka yi tun wancan watan?”

Jama'a suka yi shewa, don tambayar ta zauna daidai. Baƙin Mai ya juya baya. Ya koma kujerarsa ya ce to, a ci gaba, shi ɗan kallo ne.

Wannan nasara ita ta ƙarasa Daƙiƙa. Ya leƙo da kansa ya bayyana wa mutane cewa murfin agogo ma haka yake yi, sai an danna shi yake rufuwa, kuma hassada ce ke sa wasu ba da shawara. Ya zura notuna ya fara ɗaurewa. Suka tafi kaɗan suka cije. Ya sa ƙafa ya taka sifana, ta ƙi. Ya sa aka ciro bututun ƙarfen da Yaya ke ɗaura igiyar shanya, ya zura shi a jikin sifanar, bakinsa ya fito ta gefen mota. Ya ce tela da mai aski su kama. Tela ya ce shi fa in ɗinki ya cije ba ya jan sa da ƙarfi, warwarewa yake yi. Daƙiƙa ya ce shi ya sa ya tsufa a kan wando. Suka kama, suka ja. Suka sake ja.

Wani abu ya ce ƙaras a cikin giyabos, ƙara mai kauri kamar an taka faranti. Ratar ta rufe.

Baƙin Mai ya rufe fuska da hularsa. Daƙiƙa ya jawo jiki ya fito, ya kakkaɓe hannu ya ce, “Kun ji? Ta zauna ke nan.”

Sauran aikin ya ci yinin da na bayansa. Ya mayar da abin da ya gane, ya tara abin da bai gane ba a cikin gwangwani, ya ce kamfani kan saka ƙari don ko-ta-kwana. A jajibirin yaye aka sauke motar daga tubala. Ya shiga ya murɗa makulli. Ta yi wani gurnani kamar ana jan ta da igiya, ta yi tari, sannan ta tashi. Mata suka yi tafi. Yaya ta fito ta tsaya tana sauraron ƙarar da ta daɗe ba ta ji ba, ta juya da sauri ta koma ɗaki don kada a ga idonta. Mai aski ya ce a zaga layi mana a gani. Daƙiƙa ya kashe mota ya ce sabon giya ba a fita da shi ranar da aka ɗaura, sai ya kwana ya saba da inji.

Da mutane suka watse, Yaya da Auta suka tafi karɓo rigar yaye, ya ja ƙofa ya rufe, ya sake tayar da ita. Ya sa giyar gaba ya taka totur. Inji ya yi kuka, mota ba ta motsa ba. Ya sa ribas. Ko gezau. Ya bi duk haruffan da ke jikin sandar giya ɗaya bayan ɗaya, har ya dawo ya sake bi, yana yi mata magana a hankali kamar mai lallashin yaro. Da ya leƙa ƙasa, ya ga jan mai yana ɗiga. Ya ƙara mata wani, ya tura kwanon wankin Yaya ƙarƙashi.

A haka matarsa, wadda ta zo kiran sa, ta same shi. Kallo ɗaya ta yi wa kwanon ta gane. Ta ce ya tashi yanzu ya gangara gareji ya ba mutumin nan haƙuri, ko a samu abin da za a yi kafin gobe, in kuma ba zai iya ba ya gaya wa Yaya gaskiya ta nemi wata motar. Ya ce ita me ta sani. Ya ce mota in ta daɗe a ajiye sai an gangara da ita giya yake kamawa, kowa ya san wannan, kuma ga gangare Allah ya ba su a ƙofar gida. Ta ce wannan ai motar da ake canza wa giya da hannu ce, ita ma da ba ta tuƙi ta sani. Ya ce giya giya ne. Ta ce to ita gobe a ƙasa za ta tafi, tana son ta isa.

Gari ya waye, layi ya cika. Auta ta fito cikin doguwar rigar yaye da hula mai tuntu, ta yi kyau har matan layi suna ta sa albarka. Yaya ta sha kwalliyar da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Daƙiƙa ya zo da kayansa mafi tsada, da baƙin tabarau, da agogo a kowane hannu, yana ɗingishi cikin isa. Ya buɗe musu ƙofar baya ya rufe. Ya ce wa tela da mai aski su ɗan taɓa motar ta fita daga ƙofa, ba don komai ba, don kada hayaƙi ya ɓata wa Yaya shanya. Suka tura. Hancinta ya leƙa titi, Daƙiƙa ya tayar da inji ya karya sitiyari, ta kama gangare.

Ta tafi kuwa. Doguwa, mai ƙyalli, tana sheƙi a rana kamar zamanin marigayi. Yara suka bi ta da gudu, manya suna ɗaga hannu. Daƙiƙa ya fito da gwiwar hannu ta taga yana danna hon. Da suka zo ƙasan gangaren, inda Baƙin Mai ke tsaye a ƙofar garejinsa, ya sauke tabarau ya ce masa, “Gobe!” ya wuce.

Daga garejin hanya hawa take yi zuwa babban titi. Motar ta fara hawa da ƙarfin da ta kwaso. Daƙiƙa ya taka totur, inji ya yi ruri, ita kuwa sai rage gudu take yi. Ya ƙara takawa, ya jijjiga sandar giya, ya tura ƙirjinsa gaba kamar zai taimaka mata. Ta yi sanyi, ta yi sanyi, ta tsaya cak a tsakiyar hawan. Ta ɗan dakata kamar mai tunani. Sannan ta fara komawa da baya.

Birki yana aiki, da ya taka da ta tsaya. Amma ya san in ta tsaya ta tsaya ke nan. Sai ya ɗora hannu a kan kujera ya waiga baya da fuskar gwani. Yaya ta tambaye shi ina za su. Ya ce ribas yake gwadawa, ba a kai mutane taro da motar da ba a tabbatar da ribas ɗinta ba.

Suka sake wucewa ta gaban gareji, wannan karon da baya. Baƙin Mai ya ɗaga masa hannu. Jama'ar da suka biyo su a guje suka dare gefe biyu, mota ta ratsa su ta hau gangaren gida kaɗan, ta tsaya, ta sake yin gaba. Daƙiƙa ya ce yawwa, yanzu za ta kama. Ba ta kai inda ta kai da farko ba ta dawo. Haka ta dinga yi, gaba, baya, kowane zuwa ya fi na baya gajarta, inji yana ihu, jan mai yana zana layi a kan layi a titi, mutane sun daina gudu sun tsaya suna bin ta da kai. Wani mai kanti ya ce a bar shi, jariri yake lallashi. A ƙarshe ta yi ɗan motsi ta tsaya daidai ƙofar garejin, kamar an auna.

Baƙin Mai ya sunkuya ya leƙa ƙasa, ya miƙe ya ce wa jama'a famfo ya tafi, dama ya faɗa, ga shi mota da kanta ta kawo ƙara. Daƙiƙa ya fara bayanin cewa man da aka sayo ne jabu, kuma tela ne ya ja bututun fiye da yadda aka ce masa. Tela ya ce shi dai an ce ya tsufa a kan wando.

Auta ta cire hular ta ɗora a cinya, tana kallon bayan kujerar da babanta ke zama. Wani maƙwabci ya matso ya ce ga motarsa nan, su zo ya kai su kada a makara. Auta ta kama murfin ƙofa za ta buɗe, Yaya ta riƙe hannunta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa maƙwabcin ta gode, amma uban yarinyar nan ya ce a motar nan za ta je, kuma a motar nan za ta je. Ta ce wa Auta ta mayar da hularta ta koma gaba ta kama sitiyari, tun da babanta ya koya mata. Sannan ta dubi ƙaninta.

“Kashe ta. Fita. Koma baya.”

“Yaya, ƙafata fa...”

“Ɗayar lafiyarta ƙalau.”

Baƙin Mai ya fashe da dariya, ya ce ai yana da igiya, in ana so gobe... Yaya ta juyo da kanta a hankali. Ta ce ashe yana nan. Ta ce da ya yi aikinsa lokacin da ya ce zai yi, da ƙanin nan nata bai samu ƙofar shiga ba, saboda haka shi ma ya nemi wuri a bayan motar. Tela da mai aski suna ƙoƙarin sulalewa ta kira su da sana'arsu, ta ce hannun da ya ja bututu ba zai gagara tura mota ba.

Haka aka hau hawan nan: yarinya da rigar yaye a sitiyari, Yaya a baya ta harɗe hannu tana kallon gaba, maza huɗu a bayan mota suna nishi suna zagin juna ƙasa-ƙasa. Mutanen layi suka raka su suna ba da shawarwari. Da aka kai babban titi inda hanya ta miƙe, Yaya ta leƙo ta sallami uku, ta ce sun biya nasu. Daƙiƙa ya miƙe shi ma yana goge fuska. Ta ce ba da shi ba.

Makarantar ba ta da nisa ga mai mota. Ga mai tura mota da yatsa a kumbure, cikin kaya masu nauyi, rana tana dukan ƙeya, wata ƙasa ce. Tabarau ya faɗi, shi da kansa ya bi ta kai. Masu wucewa suna rage gudu suna kallo, shi kuma duk wanda ya haɗa ido da shi sai ya ce masa, cikin haki, sabon giya ne ake lallaɓawa. Matarsa, wadda ta taho a ƙasa kamar yadda ta ce, ta cim musu, ta gaishe da Yaya ta taga, ta wuce su.

Sun isa ana cikin kiran sunaye. Auta ta ja birki a bakin ƙofar makarantar, ta danna hon sau ɗaya, doguwa, sannan ta tattare rigarta ta ruga ciki, ta samu layinsu bai wuce ba. Daƙiƙa kuwa ya saki motar ya zube a kan ciyawa, ya baje kamar wanki, bakinsa a buɗe.

Yaya ta fito tana gyara mayafi, sai ga wani dattijo cikin iyayen ɗalibai ya tsaya yana zaga motar, yana shafa ƙarfenta. Ya ce rabonsa da ganin irinta tun yana saurayi, kuma duk wanda ke kula da ita ya san aikinsa. Ya tambaya wane ne bakanikenta.

Daga kan ciyawa, ba tare da ya iya ɗaga kai ba, Daƙiƙa ya ɗaga hannu ɗaya sama.

Yaya ta dubi hannun, ta dubi dattijon. Ta ce, “A'a, wannan ba bakanikenta ba ne. Injinta ne. A bar shi ya huce, shi zai mayar da mu gida.”